Madarar Ofis

"Wallahi tsoro nake ji," in ji Mudassiru. Hannunsa yana cikin firji har gwiwar hannu, kuma babu mai saurarensa a ɗakin sai jaririyar da ke kwance a kan gado tana tsotsar yatsunta.

Ba yau ya fara jin tsoro ba. Tun yana makarantar koyon aikin gona, inda ya yi difloma, an san shi da duba ƙofa sau biyu bayan ya kulle ta, sannan ya dawo daga hanya ya sake dubawa. Amma tsoron yau yana da dalili. An ɗauke wuta tun kafin asuba, maƙwabta kuma sun ce taransifoma ce ta ƙone, kada a sa rai a wannan makon. Cikin firjin ya fara ɗumi kamar hammata. A can ƙuryarsa robobi uku ne masu murfi, kowace ɗauke da nonon da matarsa Rauda ta tatsa domin 'yarsu Ilham.

Yau ce ranar farko da Rauda ta koma makarantar koyon ungozoma a Kano tun da ta haihu. Ta shayar da yarinyar da asuba, ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, ta dube shi ta ce, "Na bar maka amana. Da la'asar zan dawo." Ta bi motar farko daga Bunkure.

Malamar asibiti ta yi musu bayani tun makon jiya, shi kuwa ya haddace shi kamar zai shiga jarrabawa. Nonon da aka tatsa ba ya wuce awa huɗu a ɗaki, a zafin bazara ma bai kai haka ba. A firji can ciki ake sa shi, ba a jikin ƙofa ba. Ba a tafasa shi, robar ake tsomawa a ruwan ɗumi. Abin da jaririya ta sha ta rage, ba a ajiye mata shi zuwa anjima. Kuma kafin ta cika wata shida, ko ruwa ba a ba ta.

Ya ɗauki roba ɗaya ya fita tsakar gida. Mahaifiyarsa, Iyatu, tana zaune a gindin darbejiya tana yanka tumatirin da za ta shanya. Sunanta aka sa wa jaririyar, shi ya sa ake sakayawa da Ilham.

"Iya, ga ta hantsi. A ruwan ɗumi za a sa robar, kada a ɗora a wuta. Da kofi da cokali za a ba ta."

Iyatu ta karɓi robar da yatsu biyu, ta ɗaga ta sama tana kallo.

"Ni dai na haifi bakwai, ban taɓa ganin an raba nono da mai shi ba. Uwa tana Kano, nono yana Bunkure." Ta ajiye robar a inuwa. "Ka dai tuna abin da na faɗa. Ranar da takwarata ta yi kukan yunwa a gidan nan, boko ya ƙare. Uwarta ta zauna ta yi reno kamar kowa."

"Na tuna, Iya."

"Ina fa nufin abin da na faɗa."

Ya san tana nufi. Ya koma ɗaki, ya jera sauran robobin biyu a kula, ya ɗaure ta a bayan babur da igiyar roba, ya sake kwancewa ya duba ko murafan sun rufu, ya sake ɗaurewa.

A duk ƙauyen firji ɗaya ne bai damu da wuta ba, shi ne na Sammani mai shayi, wanda ke aiki da hasken rana. Rumfarsa tana bakin gadar kanal ɗin ban ruwa, inda motoci ke lodin kwandunan tumatir. A hanya Mudassiru ya shirya abin da zai faɗa, jimla uku tsaf. Amma da ya isa, ya tarar benci a cike: direbobi, dillalai, da dattawa biyu sa'annin mahaifinsa. Duk suka juyo suna amsa sallamarsa.

"Malamin gona! Me aka samo mana?" in ji Sammani, yana ɗaga shayi daga kofi zuwa kofi.

"Ajiya ce. A firji. Can ƙasa, inda ya fi sanyi."

"Mene ne a ciki?"

Nan jimlolin suka gudu. Yaya namiji zai buɗe baki a gaban dattawa ya ce nonon matarsa ne? Ko sunan yarinyar bai iya rubutawa a jikin robobin ba, domin 'yar fari ce, ga ta da sunan mahaifiyarsa. Kwanan wata kawai ya rubuta. Ya ji gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa.

"Madara ce," ya ce. "Daga ofis."

"To, madalla," in ji Sammani. Ya karɓa ya tura su ƙarƙashin ledojin ruwa da gorunan zoɓo.

Aikinsa na ranar shi ne zagaya gonakin da ke shan ruwa daga ƙaramin kanal, ya ga ko kowa ya samu rabonsa. Bai ga komai ba. Wani manomi ya nuna masa tsutsa a ganyen tumatir, shi kuwa ya ba shi shawarar ya tsoma shi a ruwan ɗumi. Da rana ta kusa tsakiya ya juya babur ya nufi gada, domin ya ɗauki roba ta biyu kafin Ilham ta farka.

Jama'ar rumfar sun ragu. Mutum biyu ne a kan benci. Ɗaya Hamma ne, dattijon makiyayi da rugarsa ke bayan kanal, wanda duk yankin aka yarda babu wanda ya kai shi sanin madara. Ɗayan kuma surukinsa ne, Barau dillalin tumatir, mijin 'yarsa Mubaraka. Kowannensu yana riƙe da kofin shayi, Hamma kuma yana juya kurɓi a bakinsa, idanunsa a lumshe.

"Yawwa, ga mai ita nan!" in ji Sammani. "Malam, zo ka raba mana gardama."

A kan tebur, kusa da gwangwanin sukari, ga roba ɗaya a buɗe. Babu komai a cikinta.

Mudassiru bai san lokacin da ya sauka daga babur ba. Babur ɗin ma bai sani ba, domin ya faɗi a bayansa.

"Sammani... robar nan..."

"Madarata ta gwangwani ce ta ƙare. Na ce ai duk abin da ya fito daga ofishinku na manoma ne, kamar iri da taki. Ɗaya kawai na buɗe, na bar maka ɗaya."

Hamma ya buɗe ido. "Yaro, zauna. Ni tun ina ƙarami nake bayan shanu, ban taɓa shan irin wannan ba. Ga ta ruwa-ruwa, amma ga zaƙi. Wannan saniya ba ta cin harawa."

"Ni na ce ta Turai ce," in ji Barau. "Shi kuma ya ce wai ta gida ce aka yi wa aure da ta waje."

"Ta gida ce," in ji Hamma. "Ina jin ɗanɗanon ƙasar nan a ciki. Me kuke ba ta?"

"Tuwo," in ji Mudassiru, da muryar da ba tasa ba.

"Tuwo! Ka ji aikin boko. To ka gaya wa manyanku, ina ba da bijimi a yi musaya. In sun ƙi, ko 'yar maraƙarta ce a ba ni. Tana da maraƙa?"

"Tana da ita. Wata huɗu."

"Madalla! A ina take ɗaure?"

Mudassiru ya dubi ƙasa. Ya dubi ruwan kanal, yana tunanin ko zurfinsa zai isa ya ɓoye mutum. Sannan ya matsa kusa da kunnen Sammani ya yi raɗa. Sammani ya saki ludayin da ke hannunsa.

"Innalillahi! Na matarka?"

 Hamma ya ajiye kofinsa a hankali, ya jawo malafarsa ya rufe fuskarsa gaba ɗaya. Daga ƙarƙashin malafar aka ji ya ce, "Bijimi na ce zan bayar. A gaban mijinta."

Barau kuwa ya fara dariya, sai ya katse ta. Ya dubi kofinsa, ya dubi na Hamma.

"Tsaya tukuna. Sammani, roba ɗaya ka zuba mana?"

"Ɗaya."

"Ni da Baffa mun sha nono ɗaya ke nan."

"Haka ne."

"To ai waɗanda suka sha nono ɗaya 'yan'uwa ne!" Ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi. "In ni da Baffa wa da ƙane ne, Mubaraka ta zama 'yar wana! Yaranmu biyar, jama'a! Da safen nan ta dama min kunu!"

Malafar ta ɗan ɗaga. "Dama tun farko ban so auren nan ba," in ji Hamma. "Da yamma a kawo min 'yata."

"Baffa, ka ji tsoron Allah!"

"Yaya za ka ce. Ba Baffa ba."

Kafin Mudassiru ya ce wani abu, Barau ya buɗe firji ya zaro roba ta ƙarshe, ya fita tsakiyar rana yana ɗaga ta sama. "Wajen liman za mu! Ga shaida!" Masu lodin tumatir suka bar kwanduna suka biyo shi.

Mudassiru mutum ne da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Amma ya ga rana tana dukan robar, ya ga yatsun Barau masu jan ruwan tumatir a kan murfin, ya tuna cewa wannan ce kaɗai ta rage tsakanin Ilham da yunwa, tsakanin Rauda da zaman gida. Ya sha gabansa.

"Ba ni."

"Shaida ce, Malam!"

"Abincin rana ne! Ba ni!"

Ya fizge robar, ya ruga da ita rumfa, ya sa ta a kula, ya kewaye ta da ledojin ruwa masu ƙanƙara, ya rufe, ya zauna a kan kular. "Mai son shaida ya ɗauki wadda kuka shanye," ya ce yana haki.

Ba su kai ga zuwa ba, sai ga liman, Malam Zaharaddini, ya biyo ta kan gada zai tafi masallaci. Mutum biyar suka ba shi labari a lokaci ɗaya. Ya saurara, ya shafa gemunsa, ya juya baya na ɗan lokaci kafaɗunsa suna rawa, sannan ya juyo da fuskar shari'a.

"Hamma, ka wuce shekara biyu da haihuwa?"

"Allah gafarta Malam, haƙorana ma sun fita sun koma."

"Kai fa, Barau?"

"Na wuce."

"To shayarwar da ke haramta aure ta jarirai ce, waɗanda ba su wuce shekarun shan nono ba. Kai Barau, matarka matarka ce. Kai Hamma, surukinka surukinka ne, sai haƙuri." Ya dubi Mudassiru da ke kan kula. "Amma akwai wadda aka zalunta a zancen nan, kuma ba ta nan. Kun shanye wa jaririya abincinta."

Barau ya durƙusa ya yi sujada a kan ɓawon albasa. Mudassiru bai tsaya kallo ba, ya ta da babur.

Ya tarar Ilham ta farka tana ƙananan koke-koke. Ya wanke hannu, ya tsoma robar a ruwan ɗumi, ya ɗiga a bayan hannunsa ya ji, sannan ya zuba a kofi. Iyatu ta ba ta cokali bayan cokali har ta shanye, ta yi gyatsa, ta yi barci.

"Saura ɗaya ko?" in ji Iyatu.

Ya buɗe baki zai yi ƙarya ta biyu a rana ɗaya, sai ya tuna inda ta farko ta kai shi. Ya zauna ya gaya mata komai. Iyatu ta saurara har ya kai kan maganar bijimi. A nan ta kifa kai a kan gwiwa, ta yi dariya har sai da tari ya kama ta. Da ta ɗago kuwa, fuskarta ta sauya.

"Wato gardawa biyu masu gemu suka zauna suka shanye abincin takwarata."

"Laifina ne, Iya. Ban faɗa musu ba."

"Ai na sani. Kunya ta hana ka faɗa a kunnen mutum ɗaya, ga shi yanzu har direbobin Legas sun tafi da labarin."

La'asar ta yi, Rauda ba ta iso ba. Ta yi waya ta ce motarsu ta tsaya a Kura ana neman fasinja. Ilham ta farka, ta juya kai hagu da dama tana neman abin da babu, ta fara murtuke fuska. A daidai lokacin aka yi sallama a zaure. Hamma ne, ɗauke da ƙwarya cike da madarar da ya tatso daga saniyarsa mafi kyau, ya kawo ramuwa. Idonsa yana ƙasa, ya ƙi yarda ya dubi ko da igiyar shanyar gidan.

Iyatu ta karɓi ƙwaryar ta shinshina. "Wannan ai ita ce madara. Kawo cokali, Mudassiru."

"Iya, ba za a ba ta ba."

"Me ka ce?"

Ya tsaya tsakaninta da cokalin. "Cikinta bai kai ba. An ce sai nonon uwa, har ta cika wata shida. Uwarta tana hanya. Ki yi haƙuri, Iya, ba za a ba ta ba."

Tun da aka haife shi bai taɓa ce mata a'a ba. Iyatu ta dube shi daga sama har ƙasa, kamar an kawo mata wani a madadinsa. Ilham kuwa ta cika ƙirji da iska, ta buɗe baki ta tsala kuka.

"Miƙo ta nan," in ji Hamma daga zaure. "Ni na ci mata abinci, ni zan ba ta haƙuri."

Ya karɓe ta a tafin hannayensa, ya fara yi mata irin kiran da yake yi wa maruƙa in za su shiga garke: wata 'yar ƙara da harshe, sai guɗa siririya, sai ƙara. Ilham ta tsaya da bakinta a buɗe. Ta dubi malafa, ta dubi gemu, ta kai hannu ta damƙi gemun da ƙarfinta duka. Hamma ya runtse ido, hawaye ya taru masa, amma bai daina kiran ba. Duk sa'ad da ya tsaya shan iska sai ta ja, sai ya ci gaba. Awakin maƙwabta suka taru a ƙofar gida suna leƙe.

A haka Rauda ta same su. Ta tsaya da jaka a kafaɗa da ƙaramar kula a hannu, tana kallon dattijo a zaurensu yana kiran shanu, 'yarta tana rataye da gemunsa, mijinta yana gadin cokali.

"Lafiya?"

"Karɓi 'yarki tukuna," in ji Iyatu. "Labarin yana da tsawo, kuma ni zan ba ki shi, don shi ba zai faɗi wurin bijimin daidai ba."

Rauda ta shige ɗaki da yarinyar. Hamma, da ya ji muryarta, ya riga ya kai bakin kanal.

Mudassiru ya matso kusa da mahaifiyarsa. "Iya... kukan da ta yi..."

"Wane kuka? Ni kukan Hamma na ji." Ta ɗauki ƙwaryar madarar ta ajiye a gefenta, domin furarta ta dare. Sannan ta nuna kular da Rauda ta shigo da ita. "Wancan fa?"

Nonon da Rauda ta tatsa a makaranta ne, roba biyu a cikin ƙanƙara, na gobe. Wuta kuwa ba ta dawo ba.

"To sai ka san yadda za ka yi," in ji Iyatu. "In aka sake shanye wa takwarata abinci, ba uwarta zan zaunar a gida ba, kai zan zaunar."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko alƙalami mai kauri. A jikin kowace roba, sama da kwanan wata, ya rubuta sunan da bai taɓa furtawa a gaban manya ba. Ya duba murafan sau biyu, ya fita.

Yamma ta yi, rumfar Sammani ta cika fiye da safe, domin har waɗanda ba sa shan shayi sun zo jin labari. Barau yana tsakiya yana ba da shi karo na barkatai, Mubaraka ta aiko masa da ƙosai. Da suka hango babur ɗin aka yi tsit, sai ƙunshe dariya.

"Malamin gona," in ji wani direba, "an kawo ta ofis?"

Mudassiru ya kafe babur da kyau. Ya ji gumin nan yana gangarowa ta bayan kunnensa, ya bar shi ya gangara. Ya buɗe firjin da kansa, ya tura robobin can ƙasa, ya rufe, ya dafa murfin da hannu ɗaya. Sannan ya juyo ya fuskanci benci, ya ɗaga murya yadda har masu lodi a kan gada za su ji.

"Jama'a, ku saurara, don ba zan yi raɗa ba. Wannan nonon matata ne, abincin 'yata Ilham. Uwarta tana karatu, kuma za ta gama. Duk ranar da babu wuta, nan zan kawo shi, kuma kullum sai na faɗa muku kamar yadda na faɗa yanzu. Mai son shayi da madara, ga Hamma can, saniyarsa tana da maraƙa."